Injin Gwajin Kunne Da Ya Daina Kayar Da Kowa

Shafi na 17

Masu cika min waya da "Baba a ƙara, Baba a ƙara", na gani. Ni ba inji ba ne. Ku zauna ku karanta a natse, wanda kuma ya tsallake layi kada ya zo yana min tambayar banza.

Tun da Likita ya ce a kira mai gyara, hankalin Sista ya tashi.

Ɗakin gwajin kunne ɗan ƙarami ne, can ƙarshen barandar asibitin kamfanin fasa dutse. Tebur ɗaya, kujera biyu, kwamfuta, sai hedifon. Ma'aikaci zai zauna ya ba ta baya, ta ɗaura masa hedifon, kwamfuta ta riƙa sakin ɗan sauti siriri. In ya ji, ya danna maɓallin da ke hannunsa. In bai ji ba, ta rubuta.

Wanda ya faɗi gwajin nan, an cire shi daga ramin dutse ke nan. Don a can ƙasa ba mai taɓa kafaɗarka ya ce gudu. Jiniya ce kaɗai ke gaya maka za a tashi nakiya.

Mako shida ke nan ba wanda ya faɗi. Ko mutum ɗaya.

Shi ya sa da safen nan Likita ya shigo, ya zauna a kujerar ma'aikata, ya ce ta gwada shi. Da aka gama ya kalli takardar, ya kalle ta.

"Sista, kunnen nan nawa na hagu, shekara tara matata tana zagina ta gefensa ban sani ba. Yau injinki ya ce ina ji kamar kyanwa."

Ta yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

"Wataƙila ka warke ne, Likita."

"Wataƙila ke ce za ki warke. A kira mai gyara."

Mai gyaran kuwa ba baƙo ba ne. Yayanta ne, ɗan Kawu. Gida ɗaya suka tashi, domin Kawu ne ya ɗauke ta tana 'yar shekara huɗu bayan rasuwar mahaifiyarta, ya riƙe ta har ta sa farar riga. Yayan ne kuma ya ɗora wa kwamfutocin asibitin tsarin nan na kyauta, wanda ba a saye, kowa kuma na iya buɗe cikinsa ya ga abin da yake ƙullawa.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata ya shigo da jakarsa a kafaɗa.

"Allura, me kika ɓata kuma?"

Haka yake kiranta tun ranar da ta fara aiki.

"Ban ɓata komai ba, Yaya."

"Duk wanda na je wa gyara haka yake cewa. Har wanda ya zuba shayi a ciki."

Likita ya yi masa bayani a taƙaice, ya ce yana da mara lafiya a ɗaki na biyu, in an gano a kira shi. Ya fita ya ja ƙofa.

Yaya ya ja kujera. Bai taɓa linzamin kwamfutar ba tukuna. Sai da ya bi wayar hedifon da yatsa tun daga kai har gindinta, ya zare, ya hura, ya mayar. Ya ciro nasa daga jaka ya jona.

"Sakar min sautin."

Ta saka. Ya yamutse fuska, ya ɗage hedifon daga kunne ɗaya.

"Kai! Wannan ne mafi ƙanƙanta?"

"Shi ne."

"Wannan ai ko kakata da ke kabari za ta danna maɓalli. Ba hedifon ba ne, nawa ma haka yake yi."

Ya buɗe wata baƙar taga mai tsaye-tsayen sanduna, ya duba ɗaya bayan ɗaya. Kowace tana inda ya bar ta bara. Ya rufe. Ya buɗe wata, inda babban ma'aunin ƙara yake. Yana kan ɗari cif, daidai alamar da aka yi masa.

Sista ta saki numfashi a hankali. Nan ta sani. Nan take dubawa kullum da safe, sau biyu ma, tun mako shida da suka wuce.

"Ka gani? Komai daidai yake."

"Nan daidai yake," in ji shi. "Ban ce komai ba."

Ya jingina da kujera yana sosa gemu.

"Kin tuna tankin ruwan gidanmu?"

"Yaya, ana maganar aiki."

"Aikin nake miki. Tanki yana sama, yana da babban famfo. Amma kicin da nasa, banɗaki da nasa. Haka sauti yake a cikin abin nan. Wannan da kike kallo babban famfo ne. Kowace manhaja kuma tana da nata ƙarami, can gefe."

"Ni ban taɓa ganin wani ƙarami ba."

"Ba za ki gani ba. Ba ya fitowa sai manhajar tana cikin yin ƙara. Taku kuwa ɗan ƙyas take yi ta yi shiru, kafin ki ɗaga ido ya ɓace. Akwai dogon sauti a cikinta?"

Ta kalli allon.

"Akwai."

"Danna ki riƙe. Kada ki saki sai na ce."

Ku da kuke karatu a kwance kuna cin gyaɗa, ba ku san nauyin yatsa ɗaya ba sai ranar da aka ce ku danna abin da zai tona ku. Ta ɗora yatsa. Ta danna.

Wani layi ya faɗo a allon, ƙarƙashin babban. Ma'auninsa ya wuce alamar ɗari, ya tafi can har ya ƙure bango.

Ɗari da hamsin da uku.

Yaya ya yi fito a hankali.

"Saki."

Ta saki. Layin ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba.

"To ga ɓarawonmu. Wani ya ja wannan har ƙarshe."

"Ko dai da kansa ya hau? Ai wuta na yawan ɗaukewa."

"Wuta ba ta da yatsa, Allura."

"Amma kullum ana kashe kwamfutar a kunna. Ai komai ya kamata ya koma yadda yake."

"Wa ya gaya miki? Abin nan mai riƙo ne. Duk manhajar da aka ƙara wa murya, yakan rubuta ya ajiye, in ta dawo gobe ya miƙa mata abinta. Ko shekara za a yi ana kashewa ana kunnawa, yana nan."

Ya yi 'yan rubuce-rubuce a baƙar tagar. Layi ɗaya ya fito.

"Ga inda yake ajiyewa. Ga kuma ranar da aka taɓa shi ta ƙarshe. Uku ga watan jiya, ƙarfe goma da minti ashirin da biyu na safe."

Ya juyo.

"Wa ke zama a kujerar nan ban da ke?"

Ta kau da kai.

"Allura."

"Ba kowa."

Ya daɗe yana kallonta. Wasan da ya shigo da shi duk ya zube daga fuskarsa. Ya waiga wajen ƙofa, ya rage murya.

"Saurara. Ban san me ya kai hannunki ba, ba na kuma son sani. Minti ɗaya ya ishe ni in mayar da shi ɗari. In Likita ya tambaya, in ce hedifon ne ya lalace, na canza. Ba wanda zai iya buɗe wurin nan a asibitin nan sai ni. Ke ƙanwata ce, ba zan tsaya a yaga miki takardar aiki ina kallo ba."

Ƙofa ce aka buɗe mata, faffaɗa. Ta ga kanta ta bi ta ciki, ta koma gida da yamma, ta dafa wa yara abinci, gobe ta dawo da farar rigarta a goge.

Sai idonta ya faɗa kan agogon bango. Goma sha ɗaya da minti takwas. Yau ranar tashin nakiya ce, ƙarfe goma sha biyu.

"In ka mayar," ta ce, "waɗanda aka riga aka gwada fa?"

"Su nawa ne?"

"Talatin da ɗaya."

"Duk 'yan rami?"

Ta gyaɗa kai.

Ya dafe goshi.

"Inna lillahi. To wa kika yi wa? Wani ya ba ki wani abu ne?"

"Wallahi ko ruwa ban sha na kowa ba."

"To wane ne ya zauna a kujerar nan ƙarfe goma da ashirin da biyu?"

Ta jawo littafin rajista daga aljihun tebur, ta buɗe ranar, ta tura masa.

Ya bi layin da yatsa. Yatsan ya tsaya.

"Baba?"

"Kawu ne."

"Baba ai kunnensa ƙalau."

"Ba ƙalau ba ne, Yaya."

"Ke, ki san abin da kike faɗa."

"Na saka masa na farko, bai danna ba. Na biyu, bai danna ba. Na ƙara, na ƙara, yana zaune ya ba ni baya, maɓalli a hannunsa, yana jira a fara. Har ya juyo ya ce, 'Yata, ba ki kunna ba ne?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Saura masa wata bakwai ya ajiye aiki da mutuncinsa. In na kayar da shi, gadin ƙofa za a mai da shi, yana ɗaga wa yaran da ya koya wa aiki sanda. Ka san Kawu. Ka san ba zai ɗauka ba. Na ce bari in ɗan ƙara masa, shi kaɗai, sau ɗaya. Na riƙe dogon sautin, na ga wani layi, na ja. Ya danna. Ya yi ta dannawa yana murmushi. Da ya fita na buɗe don in mayar, sai na ga ɗari. Na ɗauka ya koma da kansa."

Yaya ya miƙe a hankali. Kujerar ta yi ƙara a siminti.

"Wata biyu," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Wata biyu ina kiransa a waya, ina magana yana ce min uhm, uhm, ya kashe. Na ɗauka fushi yake da ni don na tashi daga unguwar. Har na ce wa matata tsohon nan ya cika riƙo."

"Yaya, ka yafe..."

"Rufe min baki! Kin san inda aka ajiye shi yanzu?"

Ta sani. Shi ne abin da ke hana ta cin abinci kowace ranar nakiya.

"Injin jan ruwa na ƙasa," in ji ta.

"Na ƙasa! Bayan ƙaton dutsen nan, inda ko jar tutar gargaɗi ba a hangowa. Shi kaɗai, da inji yana ruri a kansa. Sau nawa aka tashi nakiya tun da kika yi wannan aikin?"

"Biyar."

"Ya aka yi ya fita?"

"Da abokin aikinsa yake, shi ke jan hannunsa. Na tambaya."

"Kin tambaya. Madalla da ke. To abokin aikin nasa shekaranjiya ya karye a ƙafa, ni na kai shi gida a babur ɗina. Wannan kin tambaya?"

Ta dafa tebur.

A daidai nan Likita ya turo ƙofa, yana goge hannu da tawul.

"Ina jin hayaniya har ɗaki na biyu, ni da kunne ɗaya. An gano?"

Yaya ya koma gefe ya ciro wayarsa, ya fara kiran mahaifinsa. Ya bar ta ita da Likita, ido da ido.

Ba wanda ya tilasta ta. Wannan ku rubuta ku ajiye, don na san cikinku akwai masu jiran su zage ta. Ta tsaya da ƙafafunta ta ce:

"Likita, ni na ƙara wa injin murya. Don kawuna ya ci gwaji. Ban san zai zauna haka ba. Mutum talatin da ɗaya takardunsu ƙarya ne, da sa hannuna. Kawuna ba ya jin jiniya, yana kuma ramin ƙasa yanzu shi kaɗai."

Likita ya ajiye tawul ɗin a kan tebur, a hankali ƙwarai.

"Shekara nawa kike aiki da ni?"

"Takwas."

"Na taɓa duba bayanki?"

"A'a."

"Kin san me ya kashe min kunnen nan? Ba tsufa ba ne. Ramin can ne. Na shiga ɗauko wani da bai ji jiniya ba, nakiya ta biyu ta tashi ina ciki. Abin da na ɗauko a ranar, a buhu aka kai wa matarsa. Shi ya sa na roƙi a buɗe ɗakin nan. Ke kuma kika mai da shi wurin yi wa dangi alfarma."

"Likita, ka kore ni, ka kai ni duk inda za ka kai ni. Amma ka kira su tukuna."

"Ba sai kin koya min ba."

Ya ɗauki wayar tebur ya buga ofishin rami. Ya danna lasifika don hannunsa ya samu jan littafin rajista. Ta yi ta ringin. Can gefe Yaya na ta maimaita kira.

"Tana shiga, ba ya ɗauka. Baba, ɗauka mana. Ɗauka!"

Agogo ya nuna goma sha ɗaya da minti goma sha tara. Sista ta ƙirga a ranta. Minti arba'in da ɗaya. Ya isa a tura mutum ya gangara ya fito da shi. Ya isa har a sha ruwa.

Aka ɗauka.

"Ofishin rami, Foman ne."

"Foman, Likita ne. Nakiyar ƙarfe goma sha biyu, a dakatar da ita. Yanzu zan karanto maka sunaye talatin da ɗaya, duk a fito da su."

"Wace sha biyu, Likita? Ai an dawo da ita baya."

"An me?"

"Hadari ya haɗo ta gabas. In ruwa ya sauka ya shiga ramukan, aikin mako guda ya lalace. Manaja ya ce a tashe ta sha ɗaya da minti ashirin da biyar. Jiniya ta farko ta yi tun ɗazu, ta biyu ma ta yi. Ba ku ji ba?"

Ba su ji ba. Ɗakin gwajin kunne an yi masa rufi biyu ne don kada ƙarar waje ta shigo.

Yaya ya yar da jakarsa ya fita da gudu. Ta ji takunsa a baranda, ta ji ya ture wani abu ya faɗi, ta ji babur ya tashi. Daga asibitin zuwa bakin rami tafiyar minti goma ce ga mai sauri.

Likita ya sunkuya kan wayar.

"Foman, tsohon da ke injin jan ruwa na ƙasa. Ya fito?"

"Ai su na ƙasa ba sa hawowa. Da sun ji jiniya suke shiga ɗakin kankare da ke gefensu."

"Ka gan shi ya shiga?"

"Daga nan ba a hango wurin. Amma kada ka damu, Likita. Tsohon nan kunnensa ya fi nawa. Ga takardarsa a gabana, Sista da kanta ta sa hannu."

Sista ta faɗa kan wayar.

"Foman, ni ce Sista! Ƙarya na rubuta! Ba ya ji! Wallahi ba ya ji! Ka kira shi!"

Sai suka ji an ja kujera da ƙarfi, oba-oba, rediyon da suke kiran juna da shi a rami, ta yi ƙara.

"Injin ƙasa, injin ƙasa, amsa."

Shuuu.

"Injin ƙasa, Foman ne, amsa min!"

Shuuu. A bayan shuuu ɗin kuma, ba komai.

"Bar shi," in ji Likita. "Kira mai tashin nakiyar. Ce masa ya cire hannunsa."

Kafin Foman ya amsa, wani dogon kuka ya cika lasifikar wayar, ya hau, ya hau, har takardun kan tebur kamar suna rawa. Jiniya ta uku.

"Mai nakiya, mai nakiya, dakata! Ka ji ni? Dakata!"

Foman ya maimaita sau huɗu. Da ya dawo kan wayar, muryarsa ba irin ta ɗazu ba ce.

"Likita... doka ce. Da ta uku ta fara yake toshe kunnuwansa, ya ajiye oba-oba a ƙasa. Yana can kan tudu. Na tura mutum da gudu, amma..."

"Amma me?" in ji Sista.

"In jiniyar ta yi shiru, sittin yake ƙirgawa ya tashi nakiyar."

Jiniyar ta yi shiru.